Shin Littafin The Help Ya Faɗi Gaskiya Game da Baƙaƙen Mata 'Yan Aiki a Amurka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na karanta littafin nan The Help, na kuma kalli fim ɗinsa, har sai da na zubar da hawaye. Daga baya wata ƙawata da ke karatu a Amurka ta ce mini baƙaƙen fata da yawa a can ba sa ƙaunar littafin, wai ya yi wa tarihinsu kwaskwarima. Abin ya ɗaure mini kai, domin ni gani na yi kamar mutuncinsu yake karewa. Shin abin da ke cikinsa ya faru da gaske? Me ya ɓata musu rai? Kuma ya dace in ba 'yata mai shekara 17 ta karanta?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki uku ce a dunƙule: gaskiyar labarin, dalilin ƙorafin da ake yi a kansa, da kuma dacewarsa ga yarinya matashiya. Na daɗe ina karantar da adabin baƙaƙen Amurka, kuma wannan littafi yana cikin waɗanda suka fi tayar da muhawara a aji. A ganina ƙawarki ta faɗi gaskiya, ke ma hawayenki ba a banza suka zuba ba. Littafin ya kama ƙananan wulaƙancin cikin gida sosai, amma ya rage girman abin da ya haifar da su, ya kuma ɗora jagorancin fafutukar a hannun wadda ba ita ce ta ja gaba ba a tarihi.

Ga wanda bai karanta ba: Kathryn Stockett ce ta rubuta shi, farar mace haifaffiyar birnin Jackson a jihar Misisipi, ya fito a 2009, aka yi fim ɗinsa a 2011. Labarin ya fara a 1962. Mata uku ne ke ba da shi bi da bi. Akwai Aibileen, baƙar dattijuwa mai reno, wadda ke goyon ɗan farar fata na 17 a rayuwarta bayan nata ɗan tilo ya rasu. Akwai Minny, gwanar girki mai kaifin baki. Sai Skeeter, farar budurwa da ta gama jami'a tana son zama marubuciya, wadda ta shawo kan 'yan aikin suka ba ta labaransu a ɓoye aka buga su littafi. Muguwar labarin ita ce Hilly, wadda ke fafutukar a tilasta wa kowane gidan farar fata ya gina wa 'yar aikinsa bayi daban, wai don gudun cuta.

Abin da ya faru da gaske

Mutanen ƙirƙirarru ne, amma duniyar da suke ciki ba ƙirƙira ba ce. An haramta bauta a Amurka a 1865. Bayan 'yan shekaru jihohin Kudu suka shiga kafa dokokin raba farare da baƙaƙe, kuma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta hakan a shari'ar Plessy da Ferguson, bisa hujjar cewa a raba amma a daidaita. Rabawar aka yi, daidaitawar ba a taɓa yi ba. Makaranta daban, asibiti daban, wurin zama a mota daban, famfon shan ruwa daban, har maƙabarta. Kotun ta soke rabawa a makarantu a 1954, amma Misisipi ta ƙi bi. A wannan shekarar ce aka kafa Majalisar Fararen 'Yan Ƙasa a garin Indianola, ƙungiyar 'yan kasuwa da lauyoyi da ma'aikatan banki da ke hukunta duk baƙin da ya ɗaga kai ta hanyar korarsa daga aiki, hana shi rance, ko tashinsa daga gidan haya. A 1956 jihar da kanta ta kafa hukumar da ke leƙen asirin masu neman 'yanci da kuɗin gwamnati.

Aikin gida kuwa ba zaɓi ba ne ga yawancin matan nan. A 1940 kusan kashi 60 cikin 100 na baƙaƙen mata masu aiki a Amurka aikatau suke yi a gidajen mutane, kuma har 1960 sun haura kashi ɗaya bisa uku. An rufe musu ƙofar ofis, da kanti, da mafi yawan masana'antu. Da gwamnatin tarayya ta kafa dokar fansho a 1935, da dokar mafi ƙarancin albashi a 1938, sai aka cire 'yan aikin gida da 'yan ƙwadagon gona daga ciki, wato sana'o'i biyun da suka ɗauki mafi yawan baƙaƙen fata. Masana tarihi da dama suna danganta wannan da matsin lambar 'yan majalisar Kudu. Sai a 1950 aka fara shigar da 'yan aikin gida cikin tsarin fansho, mafi ƙarancin albashi kuwa bai shafe su ba sai 1974. Shi ya sa a littafin ake biyan Aibileen ƙasa da dala ɗaya a awa a lokacin da doka ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da dala 1.15, kuma babu kotun da za ta kai ƙara.

Don haka shiga ta ƙofar baya, cin abinci a kicin da kwano na daban, kiran dattijuwa da sunanta tsagwaro alhali ita dole ta girmama farar yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, biyan ladan aiki da ragowar abinci da tsofaffin kaya, zargin sata a ranar da aka ga dama, duk sun faru, kuma matan da suka yi aikin sun ba da shaida a kai. Stockett ta kama wani abu da kyau: hannun da ke dafa wa iyali abinci, yake wanke jaririnsu, shi ne ake ƙyamar ya taɓa bayinsu. Akwai kuma wurin da matan ƙungiyar Hilly ke tara kuɗi don yaran Afirka masu fama da yunwa, alhali baƙaƙen matan da ke raba musu abinci a wurin bikin ba su isa su zauna a teburin ba. Duk lokacin da muka zo nan a aji, ɗalibai kan yi tsit, domin mu ne waɗannan yaran na nesa da ake tausaya wa.

Inda ƙorafin ya fito

A watan Agustan 2011, lokacin da fim ɗin ya fito, Ƙungiyar Baƙaƙen Mata Masana Tarihi ta Amurka ta fitar da buɗaɗɗiyar sanarwa tana sukar littafin da fim ɗin. Wannan ba surutun intanet ba ne, mata ne da suka ƙare rayuwarsu suna binciken wannan tarihi, wasunsu kuma 'ya'ya da jikokin 'yan aikin ne.

Abu na farko da ya dame su shi ne siffar da ake kira Mammy. Tun zamanin bauta fararen Kudu suka ƙirƙiri hoton wata baƙar uwa mai ƙiba, mai fara'a, mai tsoron Allah, wadda ba ta da wani buri sai jin daɗin iyalin ubangidanta. Amfanin hoton shi ne ya wanke lamiri: in tana son mu haka, ai ba a zalunce ta ba. Abin ya kai ga a 1923 Majalisar Dattawan Amurka ta amince a gina wa wannan siffa mutum-mutumi a birnin Washington, baƙaƙen mata suka yi ca, ƙudurin ya mutu a majalisar wakilai. Baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, Hattie McDaniel, a 1940, da wannan rawa ta ci, kuma a daren bikin ba a zaunar da ita a teburin abokan aikinta farare ba. Da Octavia Spencer ta ci irin wannan kyauta a 2012 saboda rawar Minny, mutane da yawa sun yi mata murna, suna kuma tambayar me ya sa bayan shekara saba'in har yanzu sai da kayan 'yar aiki ake karrama baƙar mace. Aibileen ta fi tsohuwar siffar zurfi, tana da baƙin cikinta, tana rubuta addu'o'inta, tana da fushi. Duk da haka zuciyar labarinta tana wajen 'yar farar yarinyar da take reno.

Na biyu shi ne harshe. Baƙaƙen littafin suna magana da karyayyen Turanci da aka rubuta yadda ake furta shi, fararen kuwa, waɗanda su ma a zahiri suna da karin harshen Kudu mai kauri, an rubuta musu daidaitaccen Turanci. Mai karatu ba ya lura, amma saƙon yana shiga: waɗannan su ne ma'auni, waɗancan su ne suka kauce.

Na uku, kuma a wurina mafi nauyi, shi ne abin da aka yi shiru a kansa. Babban haɗarin da baƙar mace ke fuskanta a gidan farar fata ba bakin uwargida ba ne, hannun maigida ne da na 'ya'yansa maza. Fyaɗe da cin zarafi sun zama ruwan dare, kuma kotunan Kudu kusan ba sa hukunta farin namiji a kan baƙar mace. A 1944 wasu fararen samari suka sace wata matar aure mai suna Recy Taylor a garin Abbeville na jihar Alabama suka yi mata fyaɗe. Wadda ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta tura bincike ita ce Rosa Parks, shekara 11 kafin ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a birnin Montgomery. Sau biyu masu taimaka wa alƙali suka ƙi tuhumar kowa. A cikin The Help mazan gidajen da ake aiki galibi ko dai ba ruwansu ko kuma masu kirki ne, namijin da muka fi gani yana dukan mace shi ne baƙin mijin Minny. Wannan ya juya hoton.

Adalci ya sa in ce littafin bai ɓoye tashin hankali gaba ɗaya ba. Ya kawo kisan Medgar Evers, jami'in NAACP da aka harbe a ƙofar gidansa a Jackson ranar 12 ga Yunin 1963, wanda ba a samu makashinsa da laifi ba sai a 1994. Ya kawo saurayin da aka yi wa duka har ya makance don ya shiga bayin farare, da 'yar aikin da aka ɗaure shekaru a kan zobe. Amma waɗannan suna gefe. A tsakiya akwai Hilly, kuma yadda aka gina labarin, da zarar an kunyata ta sai mai karatu ya ji an yi nasara.

A nan nake tsayar da ɗalibaina in tambaye su: a ce Hilly ta mutu a babi na farko, me zai canza? Albashin zai ƙaru? Aibileen za ta iya jefa ƙuri'a? A 1964 ƙasa da kashi 7 cikin 100 na baƙaƙen Misisipi da suka isa zaɓe ne ke da rajista. Uwargida mai kirki ma tana biyan kuɗin da kowa ke biya, tana amfana da dokar da ta hana 'yar aikinta wani aikin. Idan labari ya mayar da zalunci halin mutum ɗaya, mai karatu zai rufe littafin yana cewa ni dai ba irin Hilly ba ce, shi ke nan ya fita. Ina jin wannan yana cikin dalilan da suka sa littafin ya sayu miliyoyi: yana sa mutum kuka ba tare da ya tuhumi kansa ba.

Wa ya ja gaba?

A littafin, farar budurwa ce ta kawo shawara, ita ta san editan New York, ita ta tsara rubutun, a ƙarshe kuma ita ta samu aiki ta bar garin, Aibileen kuwa aka kore ta daga gidan da take aiki. Tarihi ba haka ya nuna ba. Tun a 1881 mata masu wankau a birnin Atlanta, yawancinsu tsofaffin bayi da 'ya'yansu, suka shiga yajin aiki. Sun fara su 20, cikin makonni uku suka kai kusan 3,000, suna neman dala ɗaya a kan kowane wanki mai nauyin fam 12. A Montgomery, ƙauracewa motocin bas da aka fara a Disambar 1955 aka yi kwana 381, ƙafafun 'yan aikin gida ne suka ɗauke ta, domin su ne mafi yawan fasinjoji. Suna tafiya mil da yawa a ƙasa kafin su fara aikin yini, har wasu iyayen gida farare suka koma ɗauko su da mota don ba za su iya zama babu su ba. Wata mai girki, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna sayar da abinci suna zuba kuɗin a asusun fafutukar, ta rasa aikinta a kan haka, ta ci gaba daga kicin ɗin gidanta. A 1968 Dorothy Bolden, wadda ta fara aikatau tana 'yar shekara tara, ta kafa ƙungiyar 'yan aikin gida a Atlanta. A cikin bas take samun mambobi, kuma sharaɗin shiga shi ne mace ta yi rajistar zaɓe.

Waɗannan mata ba su jira kowa ya ba su murya ba. Shi ya sa Viola Davis, wadda ta fito a matsayin Aibileen, ta faɗa a wata hira a 2018 cewa tana nadamar fim ɗin, ba don mutanen da ta yi aiki da su ba, sai don a ƙarshe ba muryar 'yan aikin aka ji ba.

Ban yarda da masu cewa farar mace ba ta da izinin rubuta baƙar mace ba. Da haka ne da babu marubucin da zai fita daga fatarsa. Ita ma Stockett ta rubuta a ƙarshen littafin cewa ta ji tsoron ta ƙetare iyaka, ta kuma ce abin da ya tura ta shi ne baƙar matar da ta rene ta, wadda ta rasu lokacin Stockett tana da shekara 16, ba ta taɓa tambayarta yadda rayuwarta take ba. Na yarda da gaskiyar wannan nadama. Sai dai ita ce ta bayyana mini littafin: yarinya ce da aka rena take ƙoƙarin amsa wa kanta tambayar ko mai renonta ta so ta da gaske. Tambaya ce mai kyau, amma tambayar yarinyar ce. Mai renon tata tambayar daban ce: wa ke kula da nawa 'ya'yan tun asuba har dare? Akwai ma wata baƙar mata da ke aiki a gidan ɗan'uwan marubuciyar da ta kai ƙara a 2011 tana cewa an yi amfani da kamanninta ba da izininta ba. Kotu ta kori ƙarar don an shigar da ita bayan wa'adi ya wuce, ba a taɓa auna zargin kansa ba, marubuciyar kuma ta musanta.

Game da soyayyar, shaidun matan da suka yi aikin sun nuna wasu sun ƙaunaci yaran da gaske, wasu aiki kawai suke yi, da yawa kuma duka biyun. Abin da ba a iya musu shi ne ɗaya na iya korar ɗaya da safe, ɗayar kuma ba ta iya cewa a'a. Ni ɗan nazarin adabi ne da ya san wannan duniya ta hanyar karatu, saboda haka inda hukuncina ya saɓa da na matan da iyayensu suka shiga ta waɗannan ƙofofin baya, nasu nake fifitawa. Su ma ba bakinsu ɗaya ba, akwai waɗanda suka ce sun ga kakanninsu a cikin Aibileen, suka yi godiya.

Batun 'yarki

Ki ba ta. Shekara 17 ta isa. Ki dai sani akwai wurin ɓarin ciki da aka siffanta filla-filla, akwai dukan mace, akwai kuma ƙazantar da Minny ta zuba wa Hilly a abinci, wadda littafin ya mayar abin dariya alhali a Misisipin wancan lokaci hakan na iya jawo wa mace kisa. Amma kada ya zama shi kaɗai, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu ita sun rera.

Wanda nake haɗawa da shi a aji shi ne Coming of Age in Mississippi na Anne Moody, wanda ya fito a 1968. Tarihin rayuwarta ne. Ta fara aiki a gidajen farare tun tana ƙaramar yarinya. Tana sakandare aka kashe Emmett Till, baƙin yaro ɗan shekara 14, a 1955, kuma ta ba da labarin yadda uwar ɗakinta ta zaunar da ita ta nuna mata cewa yaron ya wuce matsayinsa ne. Daga nan ta san za a iya kashe ta don launinta kawai. Ita ce kuma ɗaya daga ɗaliban da suka zauna a teburin cin abincin farare na kantin Woolworth a Jackson a watan Mayun 1963, aka yi ta zuba musu kayan miya a ka ana dukansu. Gari ɗaya, shekara ɗaya da labarin Stockett. Ɗalibaina kan ce kamar ba wuri ɗaya ake magana ba.

Akwai Like One of the Family na Alice Childress, 1956, gajerun hirarrakin wata 'yar aiki mai suna Mildred a New York. Uwar ɗakinta na gaya wa baƙi cewa ai kamar 'yar gida take, ita kuwa ta tuna mata cewa 'yan gida a falo suke cin abinci, ita a kicin. Sai The Bluest Eye na Toni Morrison, 1970, inda wata uwa ta mari 'yarta da ta ƙone don ta ɓata mata dandamalin gidan aiki, ta juya tana lallashin 'yar masu gida. Babu inda na ga an nuna abin da aikin nan ke ci daga 'ya'yan mai yinsa kamar nan. Amma wannan yana da nauyi ƙwarai, akwai fyaɗen uba ga 'yarsa a ciki, ki karanta shi ke da kanki tukuna.

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, Malam, mu fa? Yana nufin 'yan matan da ake kawowa daga ƙauye aikatau, waɗanda kuɗinsu ke tafiya hannun dillaliya ko iyaye, suna raka yaran gida makaranta su dawo wanke-wanke. Nakan ce a yi hankali, ba abu ɗaya ba ne: a can doka ce da 'yan sanda da kotu suka tsaya a kan launin fata, kuma bayanta akwai bauta ta fiye da shekara 200. Amma ba na hana tambayar. Idan akwai 'yar aiki a gidanku, mai yiwuwa 'yarki ta yi miki ita tun kafin ta gama littafin, gara ki shirya amsa. Ki bar ta ta fara da The Help tunda yana da saurin shiga, sannan ki miƙa mata na Moody nan take, kafin na farkon ya huce. Duka da Turanci suke, na Moody kuma Turancinsa mai sauƙi ne, ɗalibar da ta gama sakandare za ta iya bi.